Markaɗen Tattasai a Cikin Hular Baba

Ba zan taɓa mantawa da sanyin farko da muka yi a unguwar Tompkinsville ta Staten Island ba, ko da na so in manta, domin mutanen gidanmu sun ɗauki alkawarin tuna mini har in yi furfura. Kuma tun kafin a je ko'ina gara in faɗi laifina na farko da bakina: ni na ba Baba shawarar ya sa wa na'urar hita makulli. Ba wanda ya tambaye ni. Ina zaune ina cin taliya, bakina ya yi mini ƙaiƙayi, na yi magana.

Bari in ɗan koma baya. Shekara shida muka yi a Bronx, a hawa na biyar na wani tsohon bene, inda ɗumin gida yake cikin kuɗin haya. A can ba ruwanka da wata na'ura. Da sanyi ya shigo, ƙarafunan hita za su fara huci suna ƙwanƙwasa kamar an buɗe maƙera a falo, ɗaki ya ɗau zafi har sai an buɗe taga. Dusar ƙanƙara na zuba a waje, ni ina yawo da singileti ina shan ruwan sanyi. Na ɗauka haka Allah ya yi Amurka: waje firiza, ciki Kano a watan Afrilu.

Sai Baba ya gaji. Direban motar haya ne, awa goma sha biyu yake yi a kan kujera, ya dawo ya yi ta zagaye yana neman wurin ajiye mota, sannan ya hau hawa biyar da ƙafa in lif ya lalace (kuma lif ɗin nan ya fi lalacewa a kan aiki). Akwai wani dattijo, Alhaji Seidu, mutumin Kumasi, da suka daɗe da sanin juna tun shi ma yana tuƙi. Yana da gida mai hawa biyu a Staten Island, yana zaune a ƙasa shi da matarsa. Ya ce wa Baba ga sama nan babu kowa, mu zo. Bai nemi tarin takardu ba, bai tsawwala ba. Abu ɗaya kawai ya faɗa: gas ɗin hitar sama mu za mu riƙa biya, mitarmu daban, tasa daban. Baba ya ce wannan ai ba komai ba ne.

A bangon falon sabon gidan akwai wani ɗan farin abu da bai kai tafin hannu ba, mai lamba a fuska da maɓalli biyu. Tamostat ake ce masa. Aikinsa ya saurari sanyin ɗaki. In sanyi ya wuce lambar da aka sa masa, sai ya tayar da tukunyar hita da ke can ƙarƙashin gida. In ɗaki ya yi ɗumi, ya kashe ta. Mu da muka saba da ɗumin banza, sai muka kai shi saba'in da takwas (a ma'aunin Amurka, wato ɗumi sosai) muka manta da shi. Yayata Hadiza, wadda ko a lokacin zafi da bargo take kwana, takan ƙara masa biyu in ta zo wucewa, kamar mai ba da sadaka.

Ranar da takardar bil ta farko ta kuɗin gas ta zo, Baba a tsaye ya buɗe ta, ko jaket bai cire ba. Ya karanta. Ya juya bayanta ko akwai inda aka rubuta cewa wasa ake yi. Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa, sannan ya zauna a hannun kujera.

“Wannan na wata ɗaya ne,” ya ce, ba da kowa yake ba. “Wata ɗaya.”

Umma ta ajiye masa abinci, har ya huce bai taɓa ba.

To, a daidai makon nan ne malamar kimiyya ta yi mana darasi a kan tattalin makamashi a gida. Ni ba mai saurare ba ne a aji, Allah ya sani, amma ranar nan wayata ta mutu, dole na ji. Na dawo gida da ilimi yana zuba ta kunnuwana. Na tara su a falo na yi lacca. Na ce in muna gida a sa shi a sittin da takwas. In kowa ya fita, ko an kwanta, a sauke shi zuwa sittin, tunda ba amfanin ɗumama kujeru. A buɗe labule in rana ta fito, a rufe in ta faɗi. Mai jin sanyi ya sa suwaita. Na kuma danna maɓallan na tsara masa lokuta yadda zai riƙa hawa da sauka da kansa.

Baba ya dube ni kamar yau aka haife ni.

“Ashe kuɗin littafin da nake biya ba faɗuwa suke ba,” ya ce. “Injiniya. Daga yau abin nan a hannunka yake.”

Kada Allah ya ba yaro ɗan shekara goma sha shida mulki. Na zama ɗan sandan gida. Ina bin tagogi ina shafawa, ina kashe fitilu mutane na ciki. Na gano Yaya Hadiza na lallaɓowa tana ƙara lamba, na kai ƙara.

“Kai wai gwamna ne?” ta ce. “Yatsuna sun ƙage, ba na iya riƙe biro.”

“Yaya, jiki ne, zai saba,” na ce mata. (Wannan maganar ta dawo mini da ruwa, za ku gani.)

A nan ne na yi waccan maganar ta kan taliya. Na ce a makarantarmu akwai wani akwatin roba mai haske da ake rufe irin wannan na'ura da shi, mai makulli, don kada yara su taɓa. Washegari Baba ya dawo da shi. Ni na riƙe masa kusoshi yana ɗaurawa. Ya kulle, ya zura makullin a cikin na motarsa, ya sa a aljihu. Da yake akwatin ya ɗan turo daga bango kamar kanta, sai Baba ya mai da samansa wurin ajiye hularsa ta Juma'a, wata zanna mai tsada da ƙaninsa ya aiko masa daga gida. Ya ce a nan ba mai zaunar mata.

Sannan watan Janairu ya zo.

Ɗakina shi ne na ƙarshe, can ƙuryar baya. Ban san me na yi wa ɗakin nan ba. Falo lafiya lau, ɗakin su Umma lafiya lau, nawa kuwa in ka ajiye nama zai kai Sallar layya. Ina ganin numfashina. Safa biyu nake sawa, da wando biyu, da riga mai hula, in ɗora bargo, in ɗora tsohon zanin Umma a kan bargon. In na tashi da safe sai na yi shawara da ƙafafuna kafin su yarda su taɓa ƙasa. Alwalar asuba kuwa, sai dai in ce Allah ya karɓa. Ga gajiya: ka yi sanyi a tashar bas, ka yi sanyi a hanya, ka dawo gida ka tarar da shi ya riga ka zuwa yana zaune a kan gadonka.

Na daure mako biyu saboda girman kai. Sannan wata rana na sami Baba yana cire takalmi, na zagaya na zagaya, na ce ko za a ɗan ƙara ko da biyu ne.

Bai ko ɗago ba. “Ba kai ka ce sittin da takwas ta ishi ɗan Adam ba?”

“Ta isa, Baba. Dama dai...”

“Jiki ne,” Yaya Hadiza ta ce daga kicin. “Zai saba.”

Na koma ɗaki na shiga bargo ina tunani. Kuma ilimin nan dai da ya ɗaga ni, shi ya kayar da ni. Na tuna malama ta ce na'urar ba ta san gida ba, iskar da ke bakin hancinta kawai ta sani. Akwatin makullin kuwa yana da ƴan tsagogi sama da ƙasa don iska ta shiga. Ke nan in hancinta ya ji sanyi, za ta ɗauka duk gidan ne ya daskare.

Washegari da na dawo makaranta, gida ba kowa. Na ƙulla ƙanƙara a leda, na ɗaga hular Baba, na ɗora ledar a kan tsagogin, na mayar da hula na kife. Ko alama babu. Ba a yi minti goma ba lambar ta fara sauka, na ji tukunyar ƙasa ta yi gurnani ta tashi. Bayan awa guda na cire safa ɗaya. Bayan awa biyu ɗakina ya zama ɗakin mutane, falo kuwa ya koma Bronx. Na tsaya gaban madubi na gaishe da kaina.

Haka na riƙa yi kullum. In sa da ƙarfe uku da rabi, in cire kafin magariba, in buɗe taga kaɗan don gida ya huce kafin Baba ya shigo. (Ku lura: Injiniyan tattali ne yake kunna hita ya buɗe taga.) Umma takan dawo daga aiki ta ce, “Hitar nan dai Allah ya yi mata albarka, sittin da takwas ɗinta da auki.” Yaya Hadiza kuwa ta kama ni tun a kwana na uku, hannuna a cikin hula. Ta dube ni, ta dubi ledar, ta cire suwaitarta ta rataye.

“Ni ban ga komai ba,” ta ce. “Amma ranar da za a gani, ban san ka ba.”

Bil na gaba da ya zo ya fi na farko.

Wannan karon Baba bai zauna ba. Ya je gaban akwatin ya duba kulle, ya duba lamba, ya laluba aljihu ya ji makulli na nan. Ya kira ni ya ce in duba ko tsarin ya goce. Na duba da fuskar likita, na ce komai daidai yake. Ga dama ta zo har gabana, na bar ta ta wuce. Na ce wa kaina zai yi faɗa kwana biyu ya manta.

Bai manta ba. Kwana uku yana lissafi a ransa, kuma ga inda lissafin ya kai shi: in ba wanda ya taɓa na'ura, kuma gas na tafiya, to wani ne yake shan ɗumin. Wani abokin aikinsa ya ba shi labarin mai gidan da ya haɗa bututun hawansa da mitar ɗan haya. Baba ya dawo da labarin a ka, ga gajiya, ga yunwa, suka yi kiciɓis da Alhaji Seidu a matakala. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin komai.

“Alhaji, ina so in san ɗakuna nawa nake ɗumamawa a gidan nan.”

“Ban gane ba.”

“Ka gane. Na kulle abin nan da hannuna, makulli na aljihuna. In ba hawanka nake biya wa ba, ina gas ɗin yake zuwa?”

Alhaji ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. Sannan ya ce, a hankali, da Hausarsa ta Zangon Kumasi, “Malam Garba, shekara ashirin ka san ni. Yau ni ne ɓarawo? Ya yi zafi paa. To ba komai. Haya zai ƙare Afrilu. In ka ga gidan ɓarawo kake zaune, ka nemi wani.”

Na ji ƙofarsa ta rufe. Ba da ƙarfi ba ma, wanda ya fi muni.

Daga ranar gaisuwa ta tsaya. Matar Alhaji, wadda takan aiko mana da wake da shinkafa irin nasu duk Asabar, ta daina. Umma ta fara duba gidajen haya a waya tana tsaki, domin duk wanda ta gani kuɗinsa sai ka riƙe baki. Yaya ta daina yi mini magana sai da ido. Ni kuma na rantse na daina sa ƙanƙara. Na daina kuwa. Kwana huɗu. A na biyar aka yi wani sanyi mai shiga ƙashi, na ce sau ɗaya dai. Sanyi ba ya jin wa'azi, ni ma ashe haka.

Da maganar ta kai masallaci, dattawa suka ce ba za a bar Musulmi biyu a gida ɗaya ba sa gaisawa ba, kuma ba za a kai wa hukuma abin da za a iya kashewa a kan tabarma ba. Aka sa ranar Lahadi bayan la'asar za a zo a zauna. Aka wakilta mutum biyu: Malam Isufu, wani ɗan Maraɗi mai shagon kayan abinci, da Kawu Sale, aminin Baba tun daga Kano.

Ranar Lahadin Baba ya fita aiki da sassafe. Na tashi wajen ƙarfe goma ina karkarwa. Na yi lissafi: la'asar da sauran awa biyar, zan sa na awa biyu in cire, ko aljani ba zai sani ba. Na buɗe firiza, ba ledar ƙanƙarata. Umma ta zubar da ita don ta sami wurin sabon markaɗe. Ita Umma sau ɗaya a wata take markaɗa tattasai da attaruhu da tumatir da albasa, ta ƙulla a ƙananan ledoji, kowane ƙulli na tukunyar miya ɗaya. Ga su nan jere, jajaye, sun daskare kamar duwatsu. Na ɗauki ɗaya na auna a hannu. Daidai cikin hula, kamar don ita aka yi.

Na ɗora, na kife, na koma gado na toshe kunnuwa da waƙa. Ɗumi ya zo. Barci ya biyo shi.

Sallama ce ta tashe ni, ta manyan muryoyi, a falo. Na dubi waya: ƙarfe biyu saura. Ashe Malam Isufu ya ce yana da kayan da za a sauke masa da yamma, sai aka dawo da zaman bayan azahar, suka taho tare daga masallaci. Ba wanda ya ga dalilin sanar da ni.

Na leƙo. Gidan ya yi zafin da bai taɓa yi ba. Malam Isufu ya tsaya a tsakiyar falo yana kwance mayafin wuyansa.

“Wanga gida ne ko gidan burodi?” ya ce.

Kawu Sale ya cire jaket, ya cire suwaita, ya tsaya yana duban babbar rigarsa kamar yana shawara da ita. Alhaji Seidu ya shigo a ƙarshe, ya zauna a kujerar da ta fi kusa da ƙofa, bai dubi kowa ba. Umma ta kawo shayi, Kawu ya ce don Allah a canza masa da ruwan sanyi.

Baba kuwa zafin nan daɗi ya yi masa, don ya sami shaida.

“Alhamdulillahi, kun ji da jikinku,” ya ce. “Yanzu ku zo ku duba lamba. Sittin da uku take nunawa, hita kuma na ci kamar gobara. Wannan aikin gaskiya ne? An taɓa wani abu a ƙasa. A gidan nan dai ba mai iya taɓa wannan, ga makulli. Ni na kulle, ɗana ya tsara, kuma ɗana ba ya yi mini ƙarya.” Ya ɗaga murya. “Injiniya, zo ka yi wa iyayenka bayani.”

Na fito kamar akuyar da aka ja zuwa mahauta. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na ja gaisuwar har ina tambayar Malam Isufu lafiyar shago da ta masu sayayya. Da na miƙe na saci kallon bango, sai na ga gefen hular ya yi duhu, ya jiƙe. Na yi sauri na je na tsaya a gaban akwatin na juya masa baya, na baje kafaɗu.

Na fara lacca. Ban taɓa yin magana mai tsawo irin ta ranar ba. Na yi bayanin sittin da takwas, na yi na sittin, na yi na labule, na shiga tarihin gas. Gumi na bin bayana. Malam Isufu na gyaɗa kai yana yabo da Faransanci yana cewa, “Bon, bon, yaron ga akwai kai.” Har na fara tunanin zan tsira, in sun tashi salla in yi wuf in ɗauke.

Sai na lura Kawu Sale ba ni yake kallo ba. Ƙasan gwiwar hannuna yake kallo.

“Garba,” ya ce, “bangonka jini yake yi.”

Kowa ya juyo. Na matsa, don ba sauran amfanin tsayawa. Wani jan layi ya fito daga ƙasan akwatin, ya gangaro a kan farin fenti har ya kusa kafet, wani na biye da shi a hankali. Ta cikin robar kana ganin na'urar ta yi jajir, lambobin na iyo a cikin miya.

Malam Isufu ya shaƙi iska. “Mi ake dafawa?”

Alhaji Seidu ne ya tashi. Ya taho a hankali da sandarsa, ya sa yatsa ya dangwali layin, ya shinshina, ya ɗanɗana.

“Akwai albasa ciki,” ya ce.

In ina ba abokaina labarin nan a makaranta, nakan ce Baba ya ɗauki hular ya kifa a kansa, miya ta gangaro masa har gemu. Ƙarya ce, don su yi dariya nake faɗa. Gaskiyar ita ce da yatsu biyu ya ɗaga ta. Ledar ta zame, ta faɗi a ƙasa ta yi wani ɗan sauti kamar an mari jariri, ta fashe. Baba ya tsaya da hula a hannu tana ɗiga. Ya dubi ledar, ya dubi tsagogin akwatin, ya dubi lamba. Direba ne, ya san inji, bai buƙaci a yi masa fassara ba. Daga can kicin na ji Umma ta ce, “Ƙullina ne wannan,” sai Yaya ta ja ta ciki.

Na jira tsawa. Na jira mari ma, a gaban baƙi, kuma da na karɓa da godiya.

“Tun yaushe?” Baba ya ce.

“Tun Janairu, Baba.”

“Ranar da na tare Alhaji a matakala kana ina?”

“Ina bakin ƙofa.”

“Kana ji.”

“Ina ji.”

Ya gyaɗa kai. Fuskarsa ba ta fushi ba ce, ta gajiya ce, irin wadda yake shigowa da ita in ya yini a cunkoso bai samu komai ba. Ya ajiye hular a kan tebur, ya goge hannu a jikin rigarsa, ya juya wajen Alhaji Seidu. Sai ya durƙusa. Babana, mai shekara hamsin da wani abu, mai ciwon gwiwa, ya sauka har ƙasa a gefen miyar nan.

“Alhaji, na zalunce ka. Na kira ka da sunan da ba naka ba, a gidanka. Ka yafe mini don Allah.”

Wannan ita ce kunyar. Ba miyar ba, ba hular ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Alhaji ya bar shi a durƙushe na ɗan lokaci, ba zan ɓoye ba. Sannan ya kama kafaɗarsa. “Tashi, Malam Garba, tashi. Gwiwanka ba shi da kyau. Ya wuce.” Malam Isufu ya ɗaga hannu aka yi fatiha, kowa na gumi. Kawu Sale ya ce a taimaka a buɗe taga kafin a yi jana'izar wani.

Na ɗauka an gama, sai Alhaji ya nuna ni da sanda. “Kai, mai miya. Me ya sa?”

Na ce ɗakina ne yake da sanyi.

“Mu je in gani.”

Duk suka biyo mu, dattawa huɗu a ɗakin da ban share ba tun shigarmu. Alhaji ya duba taga, lafiya. Ya tambayi ina ƙarfen hitar ɗakin. Na ce ai ɗakin nan ba shi da shi. Ya dube ni, ya sa sanda ya ture tulin kayan wankin da ke bayan gado, ya ture kwalayen takalma, ya ce in ja gadon. Ga shi nan, dogo, yana bin gindin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na danne shi da gado, na binne shi da kaya. Har murfinsa na sama a rufe yake ruf, kuma nan take na tuna ni na rufe shi ranar da muka tare, saboda cajar wayata na yawan faɗawa ciki. Alhaji ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga murfin. Ɗumi ya bugi ƙafafuna.

“Bon,” Malam Isufu ya ce. “Injiniya.”

Abin da na koya? In kana jin sanyi, fara duba bayan gadonka kafin ka yi wa duniya dabara. Kuma in ka ga babanka zai yi rantsuwa a kanka, ka yi magana tun yana tsaye.

Na'urar ba ta sake aiki ba, attaruhu ya gama da ita, sai da aka sa sabuwa. Bangon ya sha fenti sau uku a hannuna kafin jan ya haƙura. Baba ya yi mako biyu ba ya ce mini komai sai amsa gaisuwa, sannan wata safiya ya ce in zo in riƙe masa fitila zai duba mota, na gane an sassauta. Bil ɗin watan Maris ya sauko. A watan Afrilu Alhaji Seidu ya sabunta mana haya, bai ƙara ko sisi ba, sai dai ya sa sharaɗi ɗaya wanda ba a rubuta a takarda ba: duk ranar da aka yi dusar ƙanƙara, ni zan share matakala da ƙofar gida har bakin titi, kafin in tafi makaranta. Wannan sanyin na biyu ke nan ina yi. Shebur ɗin na nan jingine a bayan ƙofa, kuma an ce gobe ma za a yi.